Muhawara: Ta ina ƙwayar cutar HPV ke shigar wa matan Indiya?

Hajiya Binta:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga likitocinmu da 'ya'yanmu da ke karatu a Indiya. Na ga ƙididdigar 2022 cewa mata sama da 127,000 aka samu da sankarar bakin mahaifa a ƙasar, kusan 80,000 kuma suka rasu a shekarar. Abin ya tsaya mini a rai. Ƙasar da muke sayar da gona da fili mu kai marasa lafiyarmu, a ce matanta ne ke mutuwa haka? An ce wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke haddasa ta, kuma ta hanyar saduwa ake ɗauka. To ni sanin da na yi wa matan Indiya, musamman na karkara, masu kunya ne da riƙon aure, miji ɗaya har mutuwa. Ta ina take shigar musu?

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a ganina amsar ba ta da nisa. Ciwon da ake ɗauka ta wannan hanya, duk inda ya yi yawa to alfasha ce ta yi yawa. Na biyu kuma mafi yawan mazan can ba su da kaciya. Ki haɗa biyun nan, kin samu amsarki.

Ummi Bangalor:
Allah ya gafarta Malam, maganar kaciya ba zan ja ba, amma ta farkon ta yi nauyi. Ina karatun aikin jinya a nan jihar Karnataka, ana tura mu ƙauyuka aikin koyo. Matan da muke gani da ciwon nan, wallahi galibinsu ba su taɓa sanin wani namiji ba bayan mijinsu. Akwai wata baiwar Allah da na yi jinya, ba ta kai hamsin ba, aikin gona take yi. An yi mata aure tana 'yar sha biyar, ta haifi shida. Ta fi shekara tana ganin jini bayan al'adarta ta ɗauke, ga wani ruwa mai wari yana zuba. Sai ta riƙa yaga tsohon zanenta tana ƙunzugu, da dare ta ja tabarmarta bakin ƙofa don kada mutanen gida su ji warin. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a gona aka ɗauko ta a keke napep. Da likita ta duba, ciwon ya riga ya wuce bakin mahaifa. Mace irin wannan ba za a jingina mata alfasha ba, Malam.

Maman Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah sarki.

Dakta Hauwa:
Hajiya, bari na raba maganar gida biyu, don a nan ake cakuɗa ta. Kamuwa da HPV daban, sankara daban.

Ƙwayar tana da ire-ire sama da 200, kusan 14 daga ciki ne masu haɗari. Mafi yawan waɗanda suka san saduwa, maza da mata, suna gamuwa da ita wani lokaci a rayuwarsu ba tare da sun ji ko ciwon kai ba. Cikin mutum goma da suka ɗauka, kusan tara jikinsu ne zai kore ta da kansa a cikin shekara biyu. Wadda ta ƙi fita, ta samu wuri ta zauna a bakin mahaifa shekara 15 zuwa 20, ita ce ke rikiɗa ta zama sankara. Nau'i na 16 da na 18 su ne manyan masu ɓarna: kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya su ke jawo ta, a Indiya kuwa sun haura kashi 80.

Ke nan tambayoyi biyu ne. Me ya kawo ta, kuma me ya hana ta fita.

Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta yi wani aiki da likitocin birnin Chennai na Indiya da aka buga a 2003. Sun kwatanta matan da ke da sankarar da waɗanda ba su da ita. Abubuwan da suka fito fili su ne rashin karatu, rashin banɗaki da ruwa a cikin gida, fara saduwa kafin shekara 15, mutuwar miji, da yawan haihuwa. Sannan akwai guda ɗaya da ya fito da ƙarfi ƙwarai: matan da suka ce mazajensu na neman mata a waje. Don haka Malam, idan an ce alfasha, sai a tambaya ta wa. In ba haka ba sai a bar jaki ana dukan taiki.

Kuma ma ba dole sai ta haram ba. Mutumin da matarsa ta rasu ya sake aure, ko wanda ya saki ya auri wata, yana iya ɗauko ta daga shimfiɗar halal zuwa shimfiɗar halal, shi ma bai san yana ɗauke da ita ba.

Baban Khalil:
Dakta, wannan batu na maza na gan shi da idona. Ina zuwa Surat sarin yadi. Masu aikin saƙa a masaƙun garin da yawansu 'yan ci-rani ne daga Odisha da Bihar da Uttar Pradesh. Za ka shiga ɗaki ɗaya ka ga shimfiɗa jere kamar a masallaci, masu aikin dare su tashi masu aikin rana su kwanta. Matansu na ƙauye, tafiyar kwana da yini a jirgin ƙasa. Wani sau ɗaya yake komawa gida a shekara, lokacin bikinsu. Ba na ce dukansu ba ne, akwai masu kamun kai sosai. Amma namiji matashi da 'yan kuɗi a aljihu, wata goma sha ɗaya babu iyali, kowa ya san abin da kan biyo baya. Matar tana can tana kiwon shanu da surukai, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Malam Isiyaku:
To ai kun dawo kan maganata. Na ce alfasha, ban ce ta mata kaɗai ba. Zina zina ce, ko namiji ya yi ko mace. Dakta, kaciyar fa? Kin tsallake ta.

Dakta Hauwa:
Ban tsallake ba Malam, kana da hujja a nan. Wani babban bincike kan musabbabin mace-mace a Indiya da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwa ta sankarar bakin mahaifa ta yi ƙasa sosai a tsakanin mata Musulmi idan aka kwatanta da mata 'yan Hindu, kuma kaciyar mazaje na cikin dalilan da masu binciken suka kawo. A Rakai ta Yuganda an gwada abin kai tsaye: aka yi wa wasu maza kaciya, wasu aka jinkirta musu. Kaciyar ta rage nau'o'in HPV masu haɗari da kusan kashi ɗaya cikin uku a jikin mazan, a jikin matansu kuma da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai dai ragewa ce, ba hanawa ba. Najeriya kusan duk namiji yana da kaciya, amma duk shekara mata wajen 12,000 ke kamuwa da sankarar, wajen 8,000 na rasuwa. IARC ta yi bincike iri ɗaya kan yawan HPV a gundumar Dindigul ta jihar Tamil Nadu a Indiya da kuma a Ibadan. A Dindigul kusan kashi 17 cikin 100 na matan aure aka samu da HPV, a Ibadan kashi 26. Da kaciya kaɗai ce maganin, da ba mu ga haka ba.

Sista Rabi:
Ni ungozoma ce, kuma abin da ya fi jan hankalina a labarin Ummi shi ne "tana 'yar sha biyar" da "ta haifi shida". Dokar Indiya ta 2006 ta hana aurar da yarinya kafin shekara 18, amma binciken lafiyar iyali na ƙasar na 2019 zuwa 2021 ya nuna kashi 23 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai. A Bihar da Bangal ta Yamma abin ya kai kashi 40. A binciken 2005 zuwa 2006 kuwa kashi 47 ne a ƙasar baki ɗaya. Ku lissafa: matan da ke mutuwa yau masu shekara 45 da 50, a zamanin da aka aurar da su ai kusan rabin 'yan matan ƙasar ko fiye haka ake yi musu.

Malam Isiyaku:
Na san za a zo nan. Sista, kada a fake da Indiya a soki auren wuri. Iyayenmu da kakanninmu da wuri aka yi musu aure, suka haifi goma sha, suka rayu har suka ga tattaɓa kunne. Kuma aure ai shi ne ke tsare yarinya daga abin da ke kawo ciwon. Ku duba Turai da Amurka, 'yan mata na fara abin tun suna makarantar sakandare ba aure ba komai, me ya sa ba a ce su suka fi mutuwa ba?

Sista Rabi:
Malam, ba sukar aure nake ba, ni ma da wuri aka yi mini. Amma kakannin da suka rayu su muka gani. Waɗanda "ciwon ciki" ko "zubar jini" ya ɗauke suna da shekara arba'in, ba wanda ya duba su balle a sa wa ciwon suna.

Dakta Hauwa:
Tambayar Malam ta ƙarshe tana da muhimmanci, a tsaya a kanta. Gaskiya ne 'yan matan Turai da Amurka suna kamuwa da HPV sosai a ƙuruciya. Abin da ya hana su mutuwa kamar na Indiya shi ne gwaji. Shekaru da dama ke nan ana duba bakin mahaifarsu a kai a kai, a ga canjin tun bai zama sankara ba, a cire shi a zaman asibiti ɗaya. Yanzu ga allurar rigakafi ta ƙaru.

Batun shekaru kuwa halitta ce, ba ruwanta da an ɗaura aure ko ba a ɗaura ba. A bakin mahaifa akwai wani ɗan yanki inda fata iri biyu ke haɗuwa, kuma nan ne ƙwayar ke samun shiga. A jikin yarinyar da ba ta daɗe da balaga ba, yankin nan yana waje a buɗe, ga laushi. Haka yake sake buɗewa lokacin ciki, shi ya sa yawan haihuwa ke ƙara haɗarin rikiɗewa zuwa sankara ga wadda ke ɗauke da ƙwayar. A ƙauyen Indiya ranar aure ita ce ranar fara saduwa ga mafi yawan 'yan mata, don haka auren wuri da fara saduwa da wuri abu ɗaya ne a can. Ƙari a kan haka, yarinya 'yar sha biyar ba sa'anta ake ba ta ba. Mijin ya girme ta, ya riga ya yi rayuwarsa, kuma ba ta da bakin tambayarsa komai.

Akwai abin da ya ba masu binciken Dindigul mamaki. A ƙasashe masu arziki ƙwayar na yawa ne a 'yan mata 'yan ashirin, sai ta yi ta raguwa da shekaru. A Dindigul ba ta ragu ba, 'yar ashirin da 'yar hamsin kusan ɗaya ne. A Ibadan ma haka aka gani. Ko dai jikin matan ba ya iya kore ta, ko kuma ana sake kawo musu ita.

Malam Isiyaku:
Na ji bayanin halitta, kuma ba ni da ilimin musa shi. Amma har yanzu ina kan bakata: in namiji ya tsare kansa, yarinya ta tsare kanta, aka haɗa su, shekarunta ba za su ƙirƙiro ƙwayar cuta daga babu ba.

Dakta Hauwa:
Wannan haka yake, Malam. Matsalar ita ce babu gwajin da ake yi wa ango a san matsayinsa, kuma yarinyar ce ke biyan bashin in zaton da aka yi masa bai zama gaskiya ba.

Nura Pune:
Salam. Ina karatun lafiyar al'umma a nan Maharashtra. Ina so na ƙara wani abu daga binciken Dindigul ɗin nan da malaminmu ya ba mu a aji. Matan aure 1,891 aka gwada, masu shekara 16 zuwa 59. Waɗanda suka yi karatu har sakandare sun fi ƙarancin ƙwayar, zawarawa da waɗanda mazajensu suka rasu sun fi yawanta. Amma abin da ya ɗaure mana kai, matan da suka ce suna amfani da kwaroron roba sun fi waɗanda ba sa amfani da shi yawan HPV. Wani zai karanta ya ce ashe robar ce ke kawo ta. Alhali a ƙauye irin wannan ma'aurata ba su cika amfani da shi ba sai in akwai dalili, wataƙila an riga an san mijin na fita ko an taɓa ganin wani ciwo. Don haka duk abin da aka ce "yana tafiya tare" da cuta, a bincika kafin a ce shi ya kawo ta.

Hajiya Binta:
Ɗana Nura, ka zo daidai inda zan tambaya. Dakta ta ambaci rashin banɗaki da ruwa, Ummi ta ambaci tsumma. Ke nan ƙazanta na kawo ta? Ana iya ɗauka a masai?

Dakta Hauwa:
A'a Hajiya, kada a tafi da wannan. Ƙwayar na bin haɗuwar fata da fata ne wajen saduwa, shi ya sa ma robar ke ragewa amma ba ta rufe ko'ina. Zaman masai ko tsumman al'ada ba su ne hanyarta ba. Rashin banɗaki alama ce ta talauci, kuma talauci yana zuwa da ayarinsa: ba makaranta, aure da wuri, haihuwa a jere, abinci ba ganye ba 'ya'yan itace, wasu cututtukan sanyi da ba a magance ba suna ta raunata wurin, asibiti kuma ya yi nisa.

Ummi Bangalor:
Anti Dakta, akwai abin da na lura da shi kan zuwa asibitin. A nan babbar hanyar tsarin iyali ita ce a ɗaure wa mace mahaifa, kusan kashi 38 cikin 100 na matan aure an yi musu. Masu shan ƙwaya kusan kashi 5 ne kawai, masu roba ba su cika kashi 10 ba. Mace za ta haifi biyu ko uku tun tana 'yar ashirin da wani abu, a ɗaure, shi ke nan. Ba awo, ba haihuwa, ba abin da zai sake kai ta gaban likitar mata. Ma'aikatan lafiya na ƙauye da ake kira ASHA suna bin masu ciki da jarirai gida gida, amma wadda ta gama haihuwa ba ta cikin littafinsu kamar da. Kuma shekarun nan da ta ɓace daga asibiti, 30 zuwa 50, su ne shekarun da ƙwayar ke aikinta.

Sai taba. Matan Indiya ba su cika shan sigari ba, kashi 2 cikin 100 ne a ƙididdigar 2016 zuwa 2017. Amma masu taunawa da masu cusawa a kunci sun kusa kashi 13. Za ki ga tsohuwa da 'yar jakarta a ƙugu, ta ciro wani ganye da suke kira fan, ta shafa farar ƙasa, ta zuba gutsuren goron areka da taba, ta naɗe ta tura a kunci. Tun safe har dare, wai tana kashe yunwa da gajiya a gona.

Dakta Hauwa:
Hayaƙin sigari dai an tabbatar yana taimaka wa ƙwayar ta zauna, har sinadaransa ake samu a ruwan bakin mahaifa. A Chennai kuma an ga cin wannan ganyen ya fi yawa a cikin masu sankarar. Ku duba arewa maso gabashin ƙasar: Aizawl ta jihar Mizoram da gundumar Papum Pare ta Arunachal Pradesh su ne kan gaba a yawan sankarar bakin mahaifa a rajistar ƙasar. Mizoram tana cikin jihohin da mata suka fi amfani da taba, kuma ita ce ta fi kowace jiha yawan masu HIV idan aka auna da yawan jama'arta. Mace mai HIV ta ninka wadda ba ta da ita sau shida wajen haɗarin wannan sankara, kuma abin da ke ɗaukar shekara 15 zuwa 20 yana iya faruwa gare ta cikin 5 zuwa 10, saboda garkuwar jiki ce ke korar ƙwayar.

Nura Pune:
Ni dai in aka ce na zaɓi abu ɗaya, rashin gwaji zan zaɓa. A binciken 2019 zuwa 2021, cikin mata masu shekara 30 zuwa 49 kashi 1.9 cikin 100 ne kacal suka taɓa yin gwajin bakin mahaifa. Tamil Nadu da ta fi kowa ma ba ta cika kashi 10 ba. Abin takaicin shi ne a Indiya aka nuna wa duniya yadda za a yi. A gundumar Osmanabad ta jiharmu an bi mata sama da 130,000, aka buga sakamakon a 2009: gwajin HPV sau ɗaya tak a rayuwa ya rage mutuwa da kusan rabi. A unguwannin talakawa na Mumbai, asibitin Tata Memorial ya koya wa mata 'yan unguwa su shafa ruwan khal a bakin mahaifa su duba da fitila, inda ya yi fari a tura gaba. Wannan kaɗai ya rage mutuwa da kashi 31 cikin 100. Hajiya, amsar tambayarki ta farko ke nan. Asibitocin da muke zuwa suna manyan birane, ga mai kuɗi. Matar ƙauyen Bihar ba ta taɓa ganin ƙofarsu ba.

Baban Khalil:
To allurar fa? Ni gaskiya ina ɗari-ɗari da ita, kuma Indiyawan ne suka sa. Ba a can ne 'yan mata suka mutu har gwamnati ta dakatar ba?

Nura Pune:
Haka aka yi Yallaɓai, kuma bai kamata a ɓoye ba. A 2009 wata ƙungiyar lafiya ta Amurka mai suna PATH tare da hukumar binciken lafiya ta Indiya suka fara yi wa 'yan mata sama da 20,000 allurar a gundumar Khammam da ta Vadodara. 'Yan mata bakwai suka rasu, aka dakatar a Afrilun 2010. Kwamitin da ya bincika bai samu alaƙa tsakanin mutuwar da allurar ba, a ciki akwai wadda ta nutse a ruwa, akwai saran maciji, akwai zazzaɓin cizon sauro. Amma ya samu babban laifi wajen neman izini: yara da yawa 'ya'yan talakawa ne a makarantun kwana, shugabannin ɗakunan kwana suka riƙa sa hannu a madadin iyaye. Kwamitin majalisar ƙasar ya yi kakkausar suka a 2013. Laifin na masu aikin ne, amma allurar ce ta sha baƙin jini, aka yi shekaru ana tsoronta.

Dakatarwar ta rutsa da wani binciken IARC da ke gudana a lokacin, wanda aka tsara a yi wa wasu allura biyu wasu uku. Sai 'yan mata kusan 5,000 suka tsaya a allura ɗaya. Ba a watsar da su ba, aka ci gaba da bibiyarsu. Bayan shekara goma aka ga allura ɗayar ta kare su daga zaunannen nau'i na 16 da 18 da kusan kashi 95 cikin 100, daidai da masu biyu da uku. Wannan na cikin hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allura ɗaya a 2022.

Sista Rabi:
Ashe daga nan abin ya samo asali. Da aka fara tamu a Najeriya a Oktoban 2023, allura ɗaya muka riƙa yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14. Iyaye mata sun yi ta tambayata ko tana hana haihuwa. 'Yan matan Indiyan nan da aka bi shekara goma ai sun yi aure sun haihu, ko Nura?

Nura Pune:
Ƙwarai Anti, sai bayan sun yi aure ma ake ɗaukar samfurin gwajin nasu, kuma an bi har haihuwarsu. Jihar Sikkim ta yi wa 'yan matanta a 2018, sama da kashi 90 cikin 100 suka karɓa. Yanzu kamfanin Serum Institute da ke nan Pune yana yin tasu ta gida mai suna Cervavac, ta fito a 2023. Tana kare nau'i na 16 da 18, da na 6 da 11 masu kawo ƙuraje irin tusar jaki a gaba.

Baban Khalil:
Na ji. Amma ni sai na ga takardar izini da idona kafin a taɓa 'yata, ba a yi mata a makaranta ina kasuwa ba.

Sista Rabi:
Wannan haƙƙinka ne Alhaji. Ka kawo ta da kanka, ka yi duk tambayar da kake so.

Maman Hanifa:
Dakta, yi haƙuri, akwai wata 'yar'uwa a gidan nan da ta turo mini saƙo, ba ta son a san ta. Ta raka mahaifiyarta jinya Delhi, ita ma ta yi gwajin, aka ce tana da HPV. Shekararta 16 da aure. Tun da ta karanta abin da aka rubuta a sama kan mazaje ta kasa barci. Tana tambaya ko hakan na nufin maigidan ya ci amanarta.

Dakta Hauwa:
Ki gaya mata ta kwantar da hankalinta, gwajin ba ya nuna haka. Ƙwayar na iya kwanciya shiru shekaru masu yawa a jikin miji ko mata, ta ɓuya har gwaji ya kasa ganinta, sannan ta sake bayyana. Babu likitan da zai iya cewa ga ranar da ta shiga ko ga wanda ya kawo ta. Abin da bincike ya nuna kan dubban mata ba hukunci ba ne a kan gida ɗaya.

Kuma samun HPV ba samun sankara ba ne. Ta koma ta tambayi wane nau'i aka gani. In 16 ne ko 18, a duba bakin mahaifar da na'urar haskawa ba da jinkiri ba. In wani nau'in ne, likita zai ƙara wani gwajin ko ya ce ta dawo bayan shekara. In an ga canji ana ƙona wurin ko a daskarar da shi ko a yanke ɗan yankin, ta koma gida a ranar. Abin da ba na so shi ne ta dawo Najeriya ta jefa takardar a akwati.

Ummi Bangalor:
Wannan tsoron ne ke hana matan ƙauyukan nan zuwa. Sun san in aka ce "ta hanyar saduwa", uwar miji ba ɗanta za ta kalla ba. Shi ya sa in mun je sai mu fara zama da surukai mata tukuna, kuma mace ce kaɗai ke duba su. Yanzu ana ƙoƙarin ba mace ɗan tsinken auduga ta ɗauki samfurin da kanta a ɗakinta, wannan sun fi yarda da shi.

Hajiya Binta:
Allah ya saka da alheri. Dakta, nawa 'ya'yan duk sun yi aure, babbar tana da 34. Allura za su yi ko gwaji? Ni kuma da na haura hamsin fa?

Dakta Hauwa:
Allurar ta fi amfani kafin a fara saduwa, don ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, saboda haka jikoki za ki kai. 'Ya'yan kuwa gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwajin HPV daga shekara 30, a maimaita duk shekara 5 zuwa 10. Mai HIV ta fara daga 25, duk shekara 3 zuwa 5. Inda babu gwajin HPV a yi na ruwan khal ko na ɗaukar samfuri da ake kira Pap, duk shekara uku. Ke ma Hajiya, in ba ki taɓa yi ba ki je a yi miki. Duk wadda ta ga jini bayan saduwa, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, wannan ba jiran ranar gwaji za ta yi ba, ta je wurin likitar mata a makon nan.